Muryar Sarkin Ruwa

Tun da wata marubuciya ta fara jerin littattafanta na soyayyar Sarkin Ruwa da 'yar maƙeri, ba ta taɓa kai babi maɗaba'a ba sai ita da mijinta sun karanta hirar da baki, ita a matsayin 'yar maƙeri, shi kuma Sarkin Ruwa. Yakan yi gyaran murya ya ce, "Haba Malama, wane namiji ne zai faɗi wannan?"

Bayan rasuwarsa littafin ƙarshe ya cije. Ran nan da hantsi ta zauna gaban kujerarsa ta karanta nata: "In ka nutse, wa zai dawo min da kai?" Ta saurara, don sabo.

Aka yi gyaran murya.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta jawo biro. "A hankali," ta ce, "ina rubutawa."