Wayar Saje

A duk faɗin sansanin wuri ɗaya ne waya ke kama sabis: kan buhunan yashin da ke bayan tankin ruwa, shi ma sai mutum ya yi ɗage ya karkata kai kamar mai ciwon wuya. Nan sojoji ke layi da yamma, kowa na jin sirrin kowa. An san wanda surukarsa ke wanke shi tas, an san wanda ke yi wa budurwa ƙaryar an kusa ƙara masa igiya.

Kofur Tsinke ya fi kowa zarya a wurin. Sunan tun daga horo ya bi shi, don ko rigar sulke ya sa sai ta yi masa yawa. Matarsa tela ce a bariki, can gida, har Tela ake kiranta, kuma cikinta ya tsufa. Na baya bai zo da rai ba, wannan kuma likita ya ce jininta na hawa, kada a kuskura a ɗaga mata hankali. Shekaranjiya tana cikin gaya masa ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya taka keken ɗinki, sabis ya ɗauke.

Yau da hantsi aka busa usur, aka ce kowa ya miƙa wayarsa. Ba wanda ya tambayi dalili. Za a fita ne, kuma ba a faɗin inda za a, balle ranar dawowa. Aka shiga share bindigogi da loda akwatunan harsashi a motoci. Masu surutun banza ma suka yi tsit.

Tsinke ya zagaya sito wurin Saje, dattijon da furfura ta cinye wa gashin baki, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Shi kaɗai aka bar wa waya, wata tsohuwa mai maɓalli da aka ɗaure da roba. Saje ya ce ba wannan wayar ba. Tsinke ya ɗauka tsare gida ne kawai irin na manya, ya yi ta magiya, ya haɗa shi da Allah, ya ce muryarta kawai zai ji. Saje ya daɗe yana kallonsa kamar zai ce wani abu, sai aka ƙwala masa kira daga bakin motoci. Ya miƙo wayar, ya ce ya dawo da ita kafin a tayar da injin.

Ya haye buhunan, rana na dukan ƙeyarsa. Lambar matarsa a ka take. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake, ta sake katsewa. Ya kira maƙwabciyarsu, matar wani direban tanka, wadda ko a banɗaki take ba ta barin kira ya wuce ta. Ringi ɗaya aka kashe. Ya fara hango gadon asibiti da ledar ƙarin ruwa.

Yana shirin sake dannawa ne ya lura da inda yake tsaye. A daidai nan Saje ya tsaya bayan artabun da suka yi a wata gada, hula a hannu, yana kiran gida bayan gida da wannan wayar yana sanar da mutuwar waɗanda aka kashe. Aikinta ke nan. Kuma Tela ta taɓa gaya masa, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa duk matan bariki sun haddace lambar nan fiye da ta mazajensu. In lambar ta kira wayar wata, mai wayar ba ta ɗauka, sai ta ajiye ta a tsakar ɗaki ta tafi neman wadda za ta riƙe ta.

Shi da kansa, da yatsansa, ya aika wa mai hawan jini mutuwarsa, ya kuma aika wa maƙwabta. Yanzu haka ƙofarsu ta cika da mata. In ya daina kira, haka zai bar ta har ya dawo, in ma zai dawo. Ya rubuta saƙo, saƙon ya ƙi tafiya. A ƙasa motar farko ta yi tari ta tashi, hayaƙinta ya turnuƙe tankin. Wani ya ɗaga masa hannu ya sauko.

Ya sake kira. A wannan karon aka ɗauka. Ba sallama, sai numfashi, da koke-koken mata daga nesa.

"Saje," in ji ta, muryarta a bushe, "ina zaune. Faɗi kawai."

"Telata, ni ne. Wallahi ni ne, ƙalau nake."

Ya duba ko sabis ne ya gudu. Sai ya ji wani sauti da bai san ko kuka ne ko dariya ba, ya ji matan sun ɗauki salati. Ya jero tambayoyi: jikin, ƙafar, jinin, abin cikin yana motsi? Ta ce yana motsi, yanzu ma ya shure ta. Ya ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, ya ce an karɓe wayoyinsu ne, bai yi tunani ba. Ba ta tambaye shi me ya sa aka karɓe ba, matar soja ce.

Saje ya iso gindin buhunan, ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

"Maigida, ka cuce ni," in ji ta a hankali. "Da, in lambar nan ta kira, na san abin da ke ciki. Yanzu in ta sake kira, da gudu zan ɗauka ina cewa kai ne."

Tsinke ya sauko, ya sa wayar a tafin Saje. Saje ya zura ta a aljihun gaba ya maɓalle, Tsinke kuwa ya saɓa bindigarsa ya hau mota.