Duron da Junaidu Ya Sayo a Ƙwanni

Kwana tara ba dillalin da ya taya albasar Junaidu a kasuwar Illela. Magana ta bazu cewa tsohon duron ban ruwa da ya sayo a Ƙwanni daga wurin haƙar ma'adinin yuraniyom ya fito, wai gubarsa ta shiga ƙasa, albasa ta sha.

Sai ga ɗiyarsa Sakinatu daga jami'a, riƙe da na'urar awon guba. Jama'a suka bi su gonarsa a fadama.

Tana kanga ta a duron, na'ura ta kama ƙara kamar gyare. Amma da ta bi ƙasar shukar taku-taku, ta yanka albasa ta auna, na'ura shiru.

"Baba, mi ya faru? Ba da shi kake ban ruwa ba?"

Junaidu ya sosa ƙeya. "Yoyo yake, ɗiyata. An cuce ni, kunya ta hana ni faɗi. Ban taɓa amfani da shi ba."

Fadama ta kaure da dariya. Kafin a kawar da duron, dillalai uku na rigima kan buhunan albasar Junaidu.