Man Birki a Hannun Ila

Ƙanena Ila bakanike ne a tashar Kawo, kuma wajen taurin kai ban ga na biyunsa ba. Ranar da ƙarfe ya tsaga masa tafin hannun dama, abin da 'yan garejinsu suka saba shi ya yi: ya tsiyaya man birki a ciwon, ya ɗaure da tsumma, ya koma ƙarƙashin mota. Da na yi faɗa sai ya yi dariya.

"Yaya, ke dai kin cika tsoro. Duba ki gani, har ya kame."

Ta sama kam ya kame.

Ran Juma'a da hantsi matarsa Zahra'u ta kira ni tana kuka. Na tarar da shi yana rawar sanyi ana tsala rana, hannun ya kumbura suntum har gwiwar hannu, yana kirana da sunan mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa.

A asibiti likitar da ta duba shi, Dakta Maryam, ta ja ni gefe.

"Hajiya, ƙwayoyin cutar da aka rufe cikin ciwon nan ba zaman banza suka yi ba. Akwai sinadarin da suke fitarwa, da shi suke sanar da juna yawansu. Sai su lafe, idan sun ji sun yi yawa su far wa jiki lokaci guda."

"To garkuwar jikinsa fa, Likita? Ila ko mura ba ya yi."

"Ita ce abin tsoron yanzu. Ta ji alamarsu a jini ta ruɗe, tana duka ba ji ba gani, har ƙodarsa ta fara taɓawa. Muna ba shi magani ta jijiya, amma naman hannun ya mutu, daga can suke ta kwararowa. Sai an yanke hannun, kuma yau."

"In an bar shi fa?"

Ta girgiza kai kawai.

Zahra'u ta zube a ƙasa. Ba mu da uwa ba mu da uba, ni ce babba, kowa ni yake kallo. Wallahi tun da nake ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Na shiga wurinsa. Sai ga shi ya buɗe ido tar, ya gane ni.

"Yaya," ya ce a hankali, "na ji abin da suke cewa. Kar ki bari su taɓa min hannu. Da shi nake ciyar da yarana."

"Ba zan bari ba," na ce, ina shafa masa goshi.

Na fito na ce wa likita a yanke.

Da suka turo gadonsa ta gabana za su shiga ɗakin tiyata, ya juyo da kai da ƙyar, bai san abin da na faɗa wa likita ba.

"Na gode, Yaya."