Ludayi Mai Jan Zare

Goggo ta ɗaure ƙotar sabon ludayin da jan zare, ta ƙulla, ta sake ƙullawa, sannan ta ɗaga shi sama a tsakiyar ɗakin girki don kowa ya gani.

"Duk wadda ta tsoma wannan a tukunyar nama," in ji ta, "ni da ita ne har abada."

Matan da ke yankan albasa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Goggo ko murmushi ba ta yi ba.

Ƙanenta ne, wanda kowa ke kira Mahauci har an manta yana da wani suna, zai ajiye wuƙa ya miƙa wa babban ɗansa shago. 'Ya'yan suka ce sai an yi liyafa: dogon tebur a tsakar gida, a jera abinci, kowa ya ɗebi abin da ransa ke so. Girki kuwa na Goggo ne, kamar kullum. Abin da ya kawo jan zare shi ne Auta, 'yar Mahauci ta ƙarshe, wadda Goggo ta goya bayan rasuwar uwarta. Tun da yarinyar ta fara aiki a asibitin dabbobi ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba.

Ranar da ita da Goggo suka yi maganar liyafar a waya, sai da maƙwabta suka ji muryar Goggo.

"Har ƙwai?"

"Har ƙwai, Goggo."

"Madara fa? Ai ba a yanka saniya kafin a tatse ta."

"Har madara, da man shanu, da zuma."

"Zuma! Ƙudan zuman ne suka kai miki ƙara? 'Yar mahauci, jikar mahauci, kin koma akuya!"

Auta ta yi dariya. Goggo ta san abin da ke bayan dariyar. A taron da ya wuce, matar wan Auta ta tsince nama daga cikin shinkafa, ta miƙa mata ta ce babu komai a ciki. Auta ta tauna guntun ƙashi. Ta ajiye cokali. Tun daga ranar, in ma ta zo gidan, da kularta take zuwa, ta zauna a gefe tana ci kamar matafiyiya a tasha. Wannan kular ta fi zancen zumar ƙona ran Goggo. Yarinyar da ta yaye da hannunta, ita ce ke tsoron tukunyar gidansu?

"Goggo," in ji Auta a hankali, "in ke kika ce babu, ido rufe zan ci. Ba zan zo da kula ba."

"To na ce ki zo hannu rabbana. Ni zan dafa."

Faɗa ya yi sauƙi, yi ne ya zama aiki. A gidan nan akwai wata babbar tukunyar ƙashi da ba ta taɓa hucewa a kusurwar ɗakin girki, kuma kowane girki da romonta ake fara shi. Goggo ta sayo sababbin tukwane, ta kulle kanta tana gwaji, amma sai ta ga hannunta ya kama hanyar kusurwar da kansa, sai ta buge shi da ɗaya hannun. Tukunyar farko ta fito salam kamar ruwan wanke kwano. Ta ɗauko dunƙulen ɗanɗano, ta ga zakara a jikin takardar yana kallonta, ta wurgar da shi tana tsaki.

"Kai ma ba a son ka."

Da fushi ta koya, kamar yadda ta koyi yawancin abin da ta iya. Ta gane cewa in aka bar albasa a man gyaɗa har ta yi launin ƙasa, tana ba da zurfin da romo ke bayarwa. Ta gasa tumatir da tattasai har fatarsu ta babbake kafin ta niƙa. Ta goga kwakwa ta tatse, tana mita: "Wannan dai ba ta da uwa balle a yi kuka." A ƙarshe ta tsaya a kan kala uku: wake da kabewa a ruwan kwakwa, shinkafa da kayan lambu, da gasasshen dankali da yalo. Da ta ɗanɗana waken, sai ta waiga ko akwai mai kallo, ta ƙara cokali.

Ranar liyafa ta raba tebur biyu. Kan tebur na kaji da haƙarƙari da kifi, ƙarshensa na Auta, kowane faranti da ludayinsa mai jan zare. Ta bar tukwane ukun a rufe a kan murhu, ta shiga ɗaki ta sauya zane, don ƙamshin hayaƙi ya kama wanda ke jikinta.

Da ta dawo, sai ta tarar da Mahauci a ɗakin girki, cikin sababbin kayansa, murfin tukunyar wake a hannun hagu, kofi a hannun dama. Kofin babu komai a ciki, sai maiƙo yana ƙyalli a bakinsa.

"Me ka zuba?"

Ya yi firgigit. Ƙaton mutum mai furfura, amma sai ya ɓoye kofin a bayansa kamar yaro.

"Yaya, ai ba nama ba ne. Ruwa ne."

"Ruwan me?"

Idonsa ya tafi kusurwa.

Goggo ta buɗe shinkafar, ta sunsuna. Ta buɗe dankalin, ta ga yana sheƙi fiye da yadda ta bar shi.

"Wannan kitse kawai na ɗan shafa," in ji shi. "Kaɗan. Yaya, kin ga yadda yarinyar nan ta rame? Wuyanta kamar na zalɓe. Da wannan romon na raine su duka, da shi na kai ta makarantar da ta koyo ƙyamata. Yau ranata ce, a ce 'yata ta ci ciyawa a teburina?"

"Ba ƙyamarka take ba, sakarai! Da tana ƙyamarka za ta zo?"

"Ba za ta sani ba. Wallahi ko ke ba za ki bambance ba."

"Ni na sani!" Ta buga murfi a kan tukunya har matan da ke waje suka yi tsit. "Bakina na ba ta. Ba kofinka ka zuba a tukunya ba, bakina ka zuba. Ka taɓa sayar wa mutum naman akuya ka ce rago ne?"

"Haba, Yaya! Ni?"

"To ni ce zan fara, da tsufana?"

Baƙi sun riga sun cika tsakar gida, ana jan kujeru, ana ƙwala wa Mahauci kira ya fito. Goggo ta tsaya tana kallon tukwanen. Gaskiyarsa ɗaya ce, kuma ita ta fi ba ta haushi: ba wanda zai gane. Matan suka shigo suka juye abincin a faranti suka fitar, suka jera a ƙarshen tebur kamar yadda ta umarta tun da safe, ba ta hana su ba.

Sai ga Auta a ƙofar gida. Ta hango Goggo, ta ɗaga hannuwanta biyu sama tana juya su, tana dariya.

"Goggo, duba! Babu kula. Ko karin kumallo ban yi ba."

Ta rungume ubanta, ta ce kayan sun yi masa kyau, ta gaida manya, sannan ta wuce kai tsaye ƙarshen tebur. Ta ɗauki faranti. Ta shafa jan zaren da ɗan yatsa, fuskarta ta yi wani irin laushi. Ta ɗebo waken, ta tsaya da ludayi a sama.

"Goggo, babu ko?"

Mahauci yana tsaye bayan 'yarsa, yana roƙon yayarsa da ido.

"Akwai," in ji Goggo.

Ludayin ya sauka a hankali. Auta ba ta tambayi wane ne ba. Ta juya ta dubi ubanta, shi kuma ya dubi takalmansa. Goggo ta bi farantan ɗaya bayan ɗaya tana tsinke jan zaren da haƙori, ta tura su can cikin kaji da haƙarƙari.

"Ku ci, jama'a, na kowa ne!" Ta kama hannun Auta. "Ke, biyo ni. Kai ma."

"Yaya, baƙina..."

"Sun san hanyar bakinsu."

A ɗakin girki ta sauko da tukunya ɗaya da ta rage ba a taɓa ba, takardar kanti na manne a gindinta. Ta dangwarar da kwandon albasa da dankali a gaban Mahauci. Ya laluba aljihu zai ciro 'yar wuƙarsa.

"Ba da wannan ba." Ta miƙa masa wata sabuwa mai jan zare.

Haka mai liyafa ya zauna a kan kujerar tsuguno, ya naɗe hannun riga, yana yankan albasa, ana ta kiran sunansa a waje. Hannun da ya saba ya saba: albasar ta fito siriri kamar takarda. Hawaye na bin gemunsa.

"Albasar nan da ƙarfi take," in ji shi.

"Ƙwarai, Baba," in ji Auta, ta ja kujera kusa da shi ta fara feraye dankali.

Wata maƙwabciya ta leƙo da faranti a hannu, wai waken nan ya ƙare ƙarƙaf, a gaya mata sirrinsa.

"Tambayi mai gidan," in ji Goggo ba tare da ta waiga ba.

Abin da ya fito daga tukunyar ba wani abin a zo a gani ba ne: dankali da tumatir da albasa, sai ɗan ruwan kwakwar da ya rage. Goggo ta zuba, ta ajiye a gaban Auta. Yarinyar ta ɗauki cokali.

"Babu?"

"Babu."

Auta ta rufe ido, ta kai cokali baki.

Goggo kuwa ba ta rufe nata ba. Ta ja kujerarta ta zauna tsakanin ƙanenta da tukunyar kusurwa, ludayi a kan cinya.