Kitson Jelar Tinker

Tinker ce goɗiya ta farko a gonarmu da ta girma da jelarta cikakkiya. An haife ta a shekarar da doka ta hana guntule wa dawakai jela a Ingila, ga shi yanzu ta isa a ɗaura mata amalanke. Duk yankinmu na Suffolk kowa na zancen dokar, amma ni abin da ya dame ni ɗaya ne: 'yata Enid, mai shekara huɗu, wadda ba ta yarda babanta ya tafi gona bai ɗora ta a gefensa a kan amalanke ba.

Na san abin da doguwar jela ke yi. Doki ya kaɗa ta, ta hau kan igiyar linzami, ya matse ta a ƙarƙashi, shi ke nan mai tuƙi ya zama ɗan kallo. Haka ta faru da yayana Cyril muna yara. Amalanke ya kife da shi a bakin gada, har yau da sanda yake tafiya.

Na yi wa maigidana Wilf maganar, ya ce doka doka ce, kuma shi ba zai je gaban alƙali saboda gashin doki ba. Sai na nufi surukina, Baba Ephraim, wanda ya yi rayuwarsa yana guntule duƙusai, almakashin da ƙarfen ƙona bakin ciwon suna nan rataye a barga. Na ce a yi shiru a yanke, in an tambaya a ce ƙofa ce ta datse ta.

Ya daɗe yana cusa taba a lofe. Daga baya ya ce zai yi, saboda jikarsa. Amma tun zamanin ubansa, wanda ya nemi a yanke shi ke zuwa ya kamo dabbar, shi ke riƙe mata kai.

"Ko hannun naki na kwaɓa burodi ne kawai?"

"Hura wutarka, Baba," na ce.

Rana ta take, zafin lokacin yankan ciyawa, ƙudaje kamar an zuba su. Na ɗauki ragama, na kama hannun Enid, muka gangara makiyaya. A bakin shinge na ce ta tsaya nan, kada ta kuskura ta shigo.

Suna ƙarƙashin babbar bishiyar nan ta bakin rafi, Tinker da tsohuwa Depper, goɗiyar da ta ja garmar gonar nan tun kafin a kawo ni gidan. Sun tsaya gefe da gefe, kan wannan a wajen ɗuwawun waccan. Tun tasowata nake ganin dawakai suna irin wannan tsayuwa, ban taɓa tambayar dalili ba, don duk waɗanda na sani masu guntuwar jela ne.

Sai Tinker ta ɗaga jela. Ja ce kamar garwashi, ta sauka har kusa da ƙasa, da rana ta ratsa ta sai ka ce ruwa ake shekawa. Ta kaɗa ta sau ɗaya, ta share fuskar Depper daga kunne zuwa hanci, ƙudajen da suka yi baƙi a idon tsohuwar suka watse. Depper ta lumshe ido, leɓenta ya saki. Ban taɓa ganinta a cikin zafi ba tare da tana girgiza kai tana buga ƙafa ba, har na ɗauka halinta ne.

A ɗaya ɓangaren kuma, a gaban fuskar Tinker, ɗan dungun jelar Depper yana ta motsi, dama da hagu, dama da hagu. Ba ya kaiwa ko'ina. Ƙudaje na zaune a idon Tinker abinsu, amma tsohuwar ba ta fasa ba, tana biyan nata rabon da abin da aka bar mata. Shekarunta nawa tana wannan kaɗawar a banza, ni ina wucewa da bokitin madara?

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Muryar Enid ce ta dawo da ni.

"Mama, tana yi wa kakarta fifita."

Na matsa a hankali, ina yi wa Tinker magana, na sa hannu a jelar. Nauyi gare ta, da ɗumi, kuma can ciki na ji ƙashin yana motsi a tafina, daidai wurin da almakashi zai sauka. Gashin ya fi na Enid kauri nesa ba kusa ba, amma gashi ne. Tsoron da na zo da shi bai tafi ba, sandar Cyril tana nan a idona. Sai dai hannuna ya riga ya raba gashin gida uku, kamar yadda yake yi kowace safiya a kan 'yata.

Na yi kitson tun daga tushe, na ja shi tamau, na naɗe ragowar sama, na cusa ta ciki. Na leƙa bakin shinge na cire ƙyallen da ke ɗaure da gashin Enid, na dawo na ƙulle da shi. Ta yi ƙorafi, na ce aro ne.

Da muka iso barga ƙarfe ya yi ja a wuta, Wilf na tsaye a ƙofa fuska a murtuke. Baba Ephraim ya zagaya bayan goɗiyar, ya dubi curin kitson, ya dube ni.

"Biki za ta, ko coci?"

Na ce ya ɗauko linzami ya gwada. Ya ɗauko doguwar igiya, ya tsaya inda mai tuƙi ke zama, ya saki igiyar a kan ɗuwawunta, ya ja, ya sake, har ya tsokane ta da kara. Tinker ta kaɗa curin iya ƙarfinta, igiya ta zame ta wuce. Ya maimaita har sai da ni kaina na gaji. Ya ce ubansa kan yi irin wannan ɗauri ranar kasuwar dawakai, don ado, amma ba wanda ke da lokacin yinsa kullum.

"Ni ina da shi," na ce. Na juya ga Wilf na gaya masa sharaɗina: Enid ba za ta hau amalanken nan ba sai ranar da ni da hannuna na yi kitson, kuma na ja na ji bai motsa ba.

Tsohon ya zaro ƙarfen daga wuta ya tsoma a bokiti. Ya yi cuu, tururi ya tashi. Bai mayar da shi inda yake rataye ba.

Yanzu kai biyu nake yi kowace safiya, na Enid da na Tinker, kuma Tinker ta fi zama lafiya. Da yamma in an kwance amalanke ni ke tsefewa. Depper takan riga mu zuwa bakin shinge ta jira. Da zarar na zare ƙyallen, jelar ta warware ta zubo a hannuna, sai in ja da baya in ba su wuri.