Farar Lutaaya

Ranar da bizar Nalwoga ta fito, kafin azahar rabin garin Masaka sun ji labari. Ita da kanta ta yi shelar, tana bin gida-gida da fasfo a hannu kamar mai rabon goron biki. Shekara biyu ke nan da mijinta Lutaaya ya tafi Kanada aikin jinya, ga shi yanzu za ta bi shi. Murna ta hana ta zama, ta hana ta cin abinci.

Sai dai akwai abin da ke sosa mata rai. Lutaaya da ta sani sarkin surutu ne, amma kwanan nan in ta kira shi, maganarsa ba ta wuce uku. Da ta tambaye shi tsarabar da yake so, cewa ya yi, "Kada ki wahalar da kanki, ki taho kawai." Tsoro ya kama ta, kada dai sanyin ƙasar ya shiga har zuciyar mijinta.

Gwaggonta Nakiwala, wadda ta yi mata huɗuba ranar aure kuma har yau ba ta sauka daga mumbari ba, ta ce wannan ba abin damuwa ba ne.

"Ke 'yar nan, wane wata muke ciki? Nuwamba. Ga farar nsenene ta sauko. Mace ta soya ta kai wa miji, shi kuma ya ɗinka mata sabuwar gomesi, doguwar rigarmu ta gargajiya, haka muka tarar. Kaka biyu ba ki kai masa ba. Ki kai masa, ki zuba ido. In ya ci yana lumshe ido, mijinki yana nan."

Nalwoga ta kama maganar nan hannu bibbiyu. Da safe ta sayi bokiti guda, ta shafa toka a yatsu, ta zauna fige fukafukai da ƙafafu har bayanta ya ƙage. Ta soya da albasa da gishiri, ta cika wata roba taf, ta naɗe ta cikin mayafinta mai kauri.

Tana cikin haka aminiyarta Zawedde ta iso da sikeli da tef ɗin tela. Zawedde ta yi shekara biyar tana aiki a Dubai, kuma ba ta bari kowa ya manta. In ka tambaye ta hanyar kasuwa ma, sai ta bi da kai ta Dubai.

"Ɗaga hannu," ta ce, ta shiga auna ta, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo har idon sawu.

"Wai meye haka?"

"Rigar sanyi zan nemo miki a gwanjo. Tsaya cak, baƙauyiya. Saurara da kyau. Kayanki kilo ashirin da uku, ko allura kada ki ƙara. Fasfo da katin rigakafi a jakar hannu, ki ɗauki hotonsu a waya. Kowa ya ba ki saƙo, ko limamin cocinku ne, buɗe ki gani da idonki. Awa uku kafin tashi ki kasance a filin jirgin Entebbe. In kin sauka canjin jirgi, ki nemo ƙofarki tukuna kafin ki tsaya kallon shaguna."

"To, malama."

"Meye wannan ƙamshin?" Zawedde ta kwance mayafin, ta ga roba, ta dafe kai. "Aikin Gwaggo ne, ko ba a faɗa ba. To ji nan. Za a tambaye ki ko kina ɗauke da abinci. Ki ce e. In sun ƙwace, sun ƙwace."

"In na yi shiru fa? Wa zai sani?"

"Karensu. Ya fi Gwaggo hanci. Kuma shirun nan naki shi ne ciwonki har a gidan aure. Abu yana cinki, maimakon ki tambayi mutum baki da baki, sai ki aika masa fara ta yi miki bincike."

Nalwoga ta harare ta, amma maganar ta shige ta.

Tafiyar ta yi daɗi fiye da yadda ta zata. Da jirgi ya ɗaga ta ƙanƙame kujera, can kuma ta leƙa ta hango tafki shimfiɗe a ƙasa, sai dariya ta kuɓuce mata. Duk abin da aka kawo ta cinye, har da man shanun da ta ɗauka alewa ce. A wurin canjin jirgi ta nemo ƙofarta tukuna, sannan ta yi kallon shaguna son ranta.

A Kanada aka zo kan tambayar abinci. Ta daɗe tana jujjuya abin a ranta, sannan ta amsa da e. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta buɗe robar, ta leƙa, ta kira abokin aikinta shi ma ya leƙa. Suka ba ta haƙuri, suka ce wannan ba za ta wuce ba. Tana ji tana gani aka ɗauke wahalarta ta yini guda. Mayafin kawai aka miƙo mata, duk ya jiƙe da man farar da ya tsiyaye. Ta yafa shi a kan rigar gwanjon, ta fito da hawaye.

Lutaaya na tsaye a bakin ƙofa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ta fara durƙusawa za ta gaishe shi, ya riƙo ta.

"Maigida, na soyo maka nsenene, sun ƙwace." Ta tuna Zawedde, ta daure ta ƙarasa. "Kuma ina so ka faɗa mini gaskiya. Me ya sa ka daina yi mini magana?"

Hancinsa ya riga ya kai ga mayafin. Ya cusa fuskarsa a ciki, ya ja numfashi mai tsawo, ya lumshe ido, kafaɗunsa suka fara girgiza a gaban jama'a.

"In na daɗe ina jin muryarki, kuka nake yi," ya ce. "Ban so ki ji ba."

Ya share fuska, ya miƙo mata wata jaka. Gomesi biyu ne a ciki, shuɗiya da ruwan zuma, masu tsinin kafaɗa, kowace da ɗamararta. Wata tela 'yar ƙasarsu daga Kampala da ke zaune a garin ce ta ɗinka.

"Ta bara da ta bana," ya ce.

Nalwoga ta kara shuɗiyar a jikinta. Kafaɗa daidai, tsawo har idon sawu.

"Wa ya ba ka awona?"

Lutaaya ya sosa ƙeya, ya kau da kai.

"Rigar sanyi," ta ce a hankali, dariya da kuka suka haɗe mata. "Zawedde munafuka. Ba ni wayarka in zage ta."