Lambun Hasiya

Kunya ɗaya ce ta raba lambuna da na Malam Inuwa, can ƙasa da madatsar Tiga, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi, ba a teburin mai shayi na tsinto ba.

Malam mutum ne da bai yarda da kuɗi ba. Yana saurayi ruwan Tiga ya cinye garinsu, aka biya mahaifinsa diyyar gonaki, tsohon ya ƙulle kuɗin ya ce na 'ya'ya ne. Ranar rabon gado aka same su cif, ba wanda ya taɓa, amma abin da a da zai sayi gona ya koma da ƙyar ya sayi tunkiya. Tun daga nan Malam yake kallon naira kamar ƙanƙara a aljihu. In muna hutawa a gindin mangwarona rediyo ta ce za a sake ciyo bashi daga waje, sai ya miƙa hannu ya kashe ta.

"Su ci, jikokinmu su biya," in ji shi. "Gwadabe, duk wanda ya bar wa ɗansa takarda bai bar masa komai ba. Ƙasa ce ba ta ragewa."

'Yarsa ɗaya ce a duniya, Hasiya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Sai ƙaninsa Atiku, uwa ɗaya uba ɗaya. Lissafin a fili yake: in Malam ya faɗi, rabi na Hasiya, rabi na Atiku. Lambun kuwa mashigar ruwansa ɗaya ce, ba ya rabuwa biyu, sai dai a sayar a raba kuɗi. Kuma Atiku bai jira ba. Da ran yayansa da lafiyarsa ya kawo wani mai kuɗi daga birni, mutumin ya tsaya a bakin kunya da takalmi mai sheƙi yana auna wurin da ido. Ni ranar da ba don girman Malam ba da na watsa masa laka.

Ba zan ce Atiku mugu ba ne, ko da yake jinina da nasa bai taɓa haɗuwa ba. Gidansa cike yake da baki, tsadar abinci ta sa shi a kwana, kuma har zuciyarsa yana ganin rabon da Allah ya yanka masa ake so a danne. Amma akwai kunya a duniya.

Malam ya je wajen limaminmu, Malam Muhuyi, ya ce yana so ya ba Hasiya lambun kyauta tun yana raye. Liman ya ce halal ne, amma da sharaɗi.

"Kyauta ba ta cika da baki, Malam. Sai ta kama abin a hannunta, kai kuma ka cire naka. In ka ce ka ba ta, amma aka ci gaba da ganin ka kana nomawa kana ba da umarni, ranar da ka rasu shaidu biyu sun isa su ce wa alƙali lambun bai taɓa barin hannunka ba. Sai ya koma gado. Ka ɗauke ƙafa aƙalla shekara. Kar ka noma, kar ka ce a yi kaza. Za ka iya?"

Malam ya ce zai iya. Na yi dariya a raina, don na san mutumin nan ko ranar salla sai ya leƙa albasarsa kafin ya je idi.

Aka tara mu, ni da liman da dattawan unguwa. Malam ya zaga da Hasiya ko'ina, ya nuna mata iyakoki da hanyoyin ruwa, suka daɗe su biyu a can ƙarshen lambun yana yi mata bayani. Sannan ya ɗora mata fartanyarsa a hannu ya tsallako kunyar zuwa nawa ɓangaren. Atiku bai zo ba, aikowa ya yi cewa shekara tana da tsawo.

Tana da tsawo kuwa. Kullum da hantsi Malam zai zo ya shimfiɗa buzu a gindin mangwarona, fuskarsa na kallon lambun da ba nasa ba. Hasiya ta ɗauki 'yan ƙwadago, ita ma ta ɗaure zani ta shiga. Ta iya, amma ba irin iyawarsa ba. In ya ga an dasa albasa a matse sai ya yi ta gyaran murya kamar wanda ƙaya ta maƙale wa, ni kuma in ce, "Malam, ga ruwa ka sha." Ya harare ni ya karɓa.

Da rani ya tsaya sai tari ya kama shi, irin wanda ba ya jin magani. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Daga nan Atiku ya tsiri zuwa gaishe da yayansa a bakin lambu, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Kullum da Sabo da Surajo, abokan zamansa na tasha, mutanen da a iya sanina ba su taɓa sha'awar noman rani ba. Su zo su tsaya su yi ta kallon hannun Malam. Tsoro ya kama ni sosai, don kowa ya ga jikin Malam ya san ba lallai ya ga damina ba.

Albasar Hasiya ta yi kyau a shekarar. Ganye ya kwanta, aka yanke mata ruwa don ta bushe kafin cira. Wanda ya san albasa ya san a wannan lokacin ruwa guba ne, in ya kwanta mata sai ruɓa. A kanta Hasiya ta ɗora komai, abincin yara da takin baɗi.

Ranar da abin ya faru ta tafi Tudun Wada neman buhuna, 'yan ƙwadago kuma ba ranar aikinsu ba ce. Muna zaune, Atiku da mutanensa na tsaye, sai muka ji wani sauti kamar an yaga zani. Babbar hanyar ruwan da ke wucewa ta saman lambun zuwa gonakin alkama ce ta ɓalle. Ruwa ya kwararo cikin albasar Hasiya, fangali bayan fangali.

Ban san Malam yana da sauran ƙarfi haka ba. Kafin in miƙe har ya kai bakin kunya, ƙafarsa ɗaya a sama. Ga shebur a yashe taku kaɗan a gabansa. Na dubi Atiku, na ga ya taɓa Sabo da gwiwar hannu.

Malam ma ya gani. Ya sauke ƙafar a hankali, ya koma kan buzunsa ya zauna, ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Ni na ɗauki shebur ɗin na ruga. Na yi ta zuba ƙasa a ɓarakar ruwa na kwashewa, ina ƙwala wa masu injin ban ruwa can sama kira su kashe, ba mai ji na. Da ƙyar na toshe, amma kafin nan lambun ya zama tafki. Na san Malam ya taɓa binne wani bututu a ƙasan kunyar ƙarshe mai zubar da ruwa cikin rafi, amma bakinsa a rufe yake da ƙasa, daga shi sai Hasiya suka san wurin. Na sari nan, na sari can, ba komai sai laka.

"Yaya," in ji Atiku da murya mai taushi, "ka gaya masa inda bututun yake mana. Kalma ɗaya ce. Abincin jikokinka ne ke tafiya."

Wallahi ni kaina, ina tsaye cikin ruwa har ƙwauri, sai da na so ya faɗa. Na juyo na dube shi. Hawaye na bin gemunsa, idonsa a kan wuri ɗaya can gefen hagu, amma da ya lura ina bin idon nasa sai ya runtse su gaba ɗaya.

"Ko da hannu ka nuna, Yaya. Wa zai ce wani abu?"

Malam bai buɗe ido ba. Tari ya turnuƙe shi, ya yi shi har ya gama hannayensa na inda suke.

Sai bayan la'asar Hasiya ta sauka daga babur. Ta zubar da buhunan ta shiga ruwan da kayanta, kai tsaye ta nufi wurin, sara uku ta buɗe bututun. Ruwan ya fara ja, amma ni da ita mun san ya riga ya yi aikinsa. Ta tumɓuko albasa ɗaya ta duba, ta sake ta ta faɗa ruwa. Sannan ta tako har bakin kunya, jikinta na ɗigar laka, ta manta da Baffanta da baƙinsa da kowa.

"Baba, kana nan zaune? Ka san wurin, kana kallo ta tafi?"

Malam ya ɗago. Bai dubi Atiku ba, ita ya duba, ya ɗaga murya yadda Sabo da Surajo za su ji da kyau.

"Ba lambuna ba ne, Hasiya."

Ta tsaya kamar an mare ta. Sai ta waiga ta ga mutanen nan uku a tsaye, ta sake duban hannayen ubanta, ta toshe bakinta da gefen mayafi. Surajo ne ya fara juyawa, ya ce wa Atiku shi fa ba zai ɗauki rantsuwa a kan abin da bai gani ba. Sabo ya bi shi.

Da muka zo tashi sai da ni da Hasiya muka zaro masa hannayen, sun sage ba ya jin su. Ita ta riƙe ɗaya tana murzawa har muka kai gida.